Gyaran Mota Kafin Ranar Suna

Wata Talata da hantsi, ana tsakiyar girbin gero, ɗana na fari ya kira ni daga Gidan Sori ya ce matarsa ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. A can yake koyarwa a lakol, wato makarantar boko, a can ya yi aure, kuma a gidan iyayenta yarinyar ta haihu. Na yi masa barka a taƙaice, don ɗan fari ne, ba a cika sakin fuska da shi ba, sannan na miƙa wa Inna wayar. Inna ce ta haife ni, amma shi ta fi so, kowa ya sani. Ita ta ɗauke shi tun daga yaye, ita ta riƙe shi har ya tafi karatu Maradi, kuma har yau maigidana take ce masa. Ta daɗe tana sa albarka a cikin wayar da ta riƙe a juye. Da ta gama sai ta dube ni ta ce, “Ni dai a kai ni sunan ga. Ban sani ba ko ina ganin wani.”

Daga Agiye zuwa Gidan Sori tafiya ce, sai an ratsa Maradi an wuce yamma, sannan a sauka daga kwalta a shiga rairayi. Inna ta haura tamanin, gwiwoyinta sun daina lanƙwasuwa, babur ya fita daga zance, motar tasha kuwa da ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku ba za ta kai ta da rai ba. Ban yi wani dogon tunani ba na ce, “Da motata zan kai ki, Inna.” Uwargidana tana tankaɗe a lokacin. Sai ta tsaya da rariyar a hannu ta juya ta kalli gindin itacen bedi, inda motar ta yi wata huɗu kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Tsohuwar mota ce mai shan gazuwal, na saye ta a hannun wani furoje, irin ƙungiyoyin nan na aikin raya karkara, da ya naɗe kayansa, kuma tun a lokacin ba yarinya ba ce. Ciwonta biyu ne. Na farko turbo, wani dunƙulen ƙarfe mai siffar dodon koɗi da ke manne a gefen inji, da ƴan farfela biyu a cikinsa: hayaƙi ya juya ɗaya, ɗayar ta tura iska cikin inji, mota ta samu ƙarfi. Nawa ya bar ɗan siririn fitonsa ya koma kuka, mota na shan baƙin mai tana tofar da shuɗin hayaƙi, ko ɗan tudu ta gani sai ta yi ta nishi. Na biyu salansa, bututun fitar hayaƙi, wadda tsatsa ta ci ta huje a tsakiya, na ɗaure da waya, hayaƙi yana hawowa ta ƙasa yana cika cikin mota. Zuwanmu Gazawa na ƙarshe uwargidana ta sauka idanunta jajur, ta rantse ba ta sake shiga. A cikin wannan na yi wa tsohuwa alkawari.

Makanikin garinmu ya ce aikin turbo sai Maradi, kuma in ba shi kwana goma. Kwana shida nake da su. Da ma muna ƴar tsama da shi, sai na ce masa ya riƙe kwanakinsa. Fiye da shekara ashirin ina da injin niƙa a bakin kasuwa, babu notin jikinsa da ban kwance na mayar ba, kuma ina da wani hali da ban iya rabuwa da shi ba: in aka ce mini abu ya fi ƙarfina, ranar nake fara shi.

Laraba da safe na shimfiɗa tsohuwar tabarma, na ɗaga gaban motar na tokare da kututturan gawo guda biyu, na ari kwanonin sha uku daga ɗakin uwargida don zuba notuna. Aron nan ban tambaya ba, kuma na ji a jikina daga baya. Inna ta sa aka jawo mata tabarmarta zuwa inuwar ɗakinta, ta zauna da carbi da sanda, ta zama mai duba aiki. Duk lokacin da na leƙo daga ƙarƙashin mota sai in tarar ta rufe mini kwanonin notuna da faifai, in buɗe, in koma, in dawo in tarar a rufe.

Noti huɗu ne ke riƙe da turbo, kuma wuta da shekaru sun haɗe su da ƙarfen. Na jiƙa su da man birki na bar su suka sha, na dinga ƙwanƙwasa su a hankali da ƙaramar guduma. Uku suka zo, kowane da kukansa. Na huɗun ya ƙi. Maimakon in ba shi dare guda ya jiƙu, sai na zura bututun ƙarfe a gindin sufana na hau da duk nauyina. Na ji ya saki, na yi murna, ashe kusar ce ta karye a ciki. Bayan hannuna ya daki inji fata ta saɓule. Abin da na faɗa wa motar nan a lokacin ba na rubutawa ba ne.

Inna ta ce, “Kai, da wa kake?”

Na ce, “Da ƙarhe nike, Inna.”

Ta ce, “To ya ji?”

Washegari mai walda ya zo da injinsa a kan amalanken jaki. Ya ɗora sabon noti a kan guntun kusar ya narka su suka zama ɗaya, muka jira ya huce, ya sa sufana ya murɗa da yatsa biyu, sai ga ta ta fito salin alin. Na ji daɗi, na kuma ji haushi. Muka sauke salansar gaba ɗaya, doguwa ce kamar azara, ya yanke inda ya ruɓe ya dasa sabon guntun bututu, ya bi duk ƴan hujojin ya toshe. Da ya gama muka ɗora ta a kan tubali biyu a jikin bangon ɗakin Inna, don nan ne kaɗai awaki ba sa hawa.

Shi kuwa turbon, da na ciro shi na taɓa farfelar da yatsa, sai ta yi ta girgiɗi kamar haƙorin tsoho, bakinta duk ya ci jikin ƙarfen. Wannan ba ya gyaruwa a tsakar gida. Ranar Juma'a na sa shi a buhu na shiga motar Gazawa wurin abokina. Tare muka yi samartaka. Kakanninsa makiyaya ne, shi ya bar shanu ya tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, shekara da shekaru, da ƙugu ya gaji ya zauna yana sayar da kayan mota na hannu da ake shigowa da su daga tsallaken iyaka. Har yau in ya ga mota sai ya zagaya ta yana shafa ta kamar mai tayin saniya. Ya zazzage buhuna ya duba, ya yi dariya har da tari, ya ce ko mushe ya fi wannan alamar rai. Bayan mun sauko daga masallaci ya shiga ƙuryar shagonsa ya fito da wani irinsa sak, ya hura farfelar da baki, ta yi ta juyawa shiru ba ta tsaya ba. Ya haɗa mini da sabon gasket, wato faifan ƙarfen da ke shiga tsakani don kada hayaƙi ya tsira, ya kuma ja mini kunne: in wanke siririn bututun da ke kai wa turbo mai, don yunwar mai ce ta kashe na farkon.

Asabar da Lahadi su ne kwanakin da na fi jin daɗinsu. Na zura wayar birkin babur a bututun man nan na yi ta sakace shi, baƙin dasƙararren abu yana fita, na wanke da kananzir na hura da baki har iska ta wuce sarai. Na kankare fuskar ƙarfen da wuƙa har ta yi sumul, na ɗora gasket, na zauna da sabon turbon a cinya na ɗura masa mai da cokali ina juya farfelar, don kada ya fara aiki da ƙishirwa. Maƙwabta suna dawowa daga gona da damman gero, kowa ya leƙo ya ba ni shawarar da ban nema ba. Uwargida ta huce game da kwanoninta har tana kawo mini fura ƙarƙashin mota. Inna kuwa ta sa an wanke mata zanenta na saƙi, ta ƙulla kuka da daddawa da ɗan sabulun salo a ƙyalle don mai jego, ta ajiye a bakin ƙofa tun kwana biyu kafin tafiya. Ni da maƙwabcina muka ɗauko salansar muka cusa ta ƙarƙashi muka ɗaure. Ban leƙa cikinta ba, don ban ga abin leƙawa ba.

Lahadi bayan la'asar na wanke hannu na shiga na murɗa makulli. Ta tashi bugu ɗaya. Na kai hannu zan yi wa Inna alama, sai muryar injin ta fara dusashewa, ta yi kamar wanda aka shaƙe, ta mutu. Na sake, ta tashi, ta mutu. Sau biyar. Na sauko na duba mai, na duba gazuwal, na duba kowane noti, komai yana inda ya kamata. Nan take zuciyata ta yanke hukunci: abokina ya ba ni mataccen kaya. Na kira shi na faɗa masa maganganun da shekara arba'in na abota ba su cancanta ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce gobe yana tafe.

Litinin ce ranar da muka shirya tafiya, don mu kwana can mu wayi gari a wurin suna. A maimakon haka tun da sassafe na sake kwance turbon gaba ɗaya, na juya shi, na hura shi, ban ga laifinsa ba, na mayar. Rabin yini ya tafi a banza. Inna ta yi wanka ta ɗaura zanen saƙinta tun hantsi, tana zaune da ƙullinta a gefe, ba ta tambaye ni komai ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Duk lokacin da na ɗago muka haɗa ido sai in ji kamar in nutse.

Da azahar abokina ya iso a kan babur. Ya gaida Inna har ƙasa, ni ko kallona bai yi ba. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya je baya ya tsuguna, ya ce in tayar. Na tayar. Ya kara tafin hannunsa a bakin salansa, ya jira har ta mutu, ya miƙe yana karkaɗe riga.

Ya ce, “Malam, turbona lahiya tai lau. Motarka ce ba ta numfashi. Mi ka cusa mata?”

Na ce ban cusa mata komai ba, kuma na fara ɗaga murya, ina cewa ko mai walda ne ya narka ƙarfe ya toshe ta. Sai muka ji Inna daga inuwa.

“Wai dogon bututun nan kuke magana? In kun gama da shi ku ba ni ƙyallena.”

Muka juya gaba ɗaya. Na ce, “Wane ƙyalle, Inna?”

Ta ce, “Wanda na naɗe goruba da shi. Ka aje abu baki buɗe har ya kwana, zanzaro na shiga da laka yana hita, ina kallo. Shi ne na toshe maka. Da ta ƙi zama na tura ta da sanda.”

Duk wanda ya tashi a hannun Inna ya san wannan. Ba ta kwana da abu baki buɗe. Tulu da randa da butar alwala da kwalbar man gyaɗa, kowane da marfinsa, wanda ba shi da marfi a yi masa da ɓawon masara ko tsumma, turmi ma kife shi take yi. Haka uwarta ta koya mata, kuma sau da yawa na ga amfanin abin, don ba a taɓa tsintar kunama a tulunmu ba. Ranar da na tafi Gazawa ta ja jiki ta je wurin salansar, ta ga ƙarshen baya yana kallon ƙasa, na gaba kuwa ya hangame sama, ta yi masa abin da take yi wa kowane baki. Taimakona ta yi, kuma ba ta ga abin faɗa a ciki ba.

Abokina ne ya fara. Ya zauna daɓas a kan tabarmata ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Uwargida ta shige madafa, amma ana jin ta. Ni na tsaya da sufana a hannu, fushin kwana biyu ya taru a wuyana ya rasa inda zai sauka, sai kawai na ji ni ma ina dariya, irin wadda ke sa mutum ya jingina da bango. Na dafa kafaɗar abokina na ce ya yafe mini. Ya ce zai duba, bayan ya ci tuwo.

Fitar da gorubar nan ta ci mu har la'asar sakaliya. Ta shige kusan kamu biyu, ta tsaya daidai inda bututun ya lanƙwasa, kuma ƙarfin hayaƙi ya ƙara danna ta. Muka sauke salansar, muka buga ta da ƙasa, ko motsi. Daga ƙarshe abokina ya samo ƙarfen rodi siriri ya wasa bakinsa ya murɗe shi, ya zura ya yi ta juyawa har ya kama ƙyallen, muka ja mu biyu. Ta fito baƙa ƙirin, tana ƙamshin gasasshen abu, ƙyallen ya zama toka rabi. Muka mayar da salansa, na murɗa makulli. Ta tashi ta zauna daram, murya ƙasa ƙasa, babu hayaƙi, kuma da na taka sai ga ɗan siririn fiton nan da na yi shekara ban ji ba. Ana kiran magariba ke nan, ni kuwa idona ba ya tuƙin dare. Muka tsayar da tafiya sai bayan asuba.

A cikin murnar ban lura Inna ta bar tsakar gida ba. Uwargida ce ta ce mini ta mayar da tuwonta ba ta taɓa ba. Na same ta zaune a bakin gado, ta cire zanen saƙin ta ninke, ta ɗora ƙullin a kai.

Ta ce, “Ku tahi ku kai masu wanga. Na ɓata maka aiki, na sa ka zagi mutum. Tsuhwa ta kai inda ba a hita da ita.”

Ban taɓa jin Inna ta yi magana haka ba, kuma ta ba ni tausayi ƙwarai. Na durƙusa na ce mata da ba ta toshe ba da zanzaro ya gina gidansa a ciki, wanda ba gaskiya ba ne sosai, amma ba ƙarya ba ce duka. Na ce motar nan saboda ita aka gyara ta, in ba ta shiga ba ni ma ba inda za ni, sai ta san abin da za ta faɗa wa maigidanta. Can ta ce a miƙo mata tuwon.

Muna sallame asuba muka ɗauke ta ni da abokina muka zaunar da ita a gaba, da matashi a bayanta, uwargida a baya da kaya. Motar ta kama kwalta kamar an rage mata shekara goma. Inna ba ta yi tari ko sau ɗaya ba, tana ta kallon gonaki tana faɗa mana wanda geronsa ya yi da wanda ya yi lalaci, a ƙasar da ba ta san kowa ba. A Maradi jandarma ya leƙo ya gan ta ya ce mu wuce, Allah ya kiyaye. Ɗana ya kira sau uku. A na ukun ya ce mutane sun taru tun ɗazu, liman yana da wani sunan a wata unguwa, ya roƙe shi ya ƙara ɗan jinkiri amma ba zai iya roƙo na biyu ba. Da muka sauka cikin rairayi na kasa kunne ga inji, don nan ne tsohon turbon yake kunyata ni. Na taka, ta yi fito, ta ratsa.

Mun shiga layin ana shafa fatiha. Maza cike da tabarmi a ƙofar gida, ga rago ɗaure, ga faranti na dabino da goro ba a raba ba. Na tsaya daf da su na zagayo na buɗe wa Inna ƙofa. Ta sauko da ƙafa ɗaya ke nan, uwargida na riƙe da hannunta, sai maroƙi ya miƙe daga gaban liman ya ɗaga murya ya faɗi sunan jaririya, ya maimaita har sau uku don mata su ji daga ciki.

Sunan Inna ne. Ɗana bai gaya wa kowa ba. Ni ban taɓa furta sunan nan da bakina ba, kuma ban taɓa jin an faɗe shi da ƙarfi a gaban jama'a ba. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Inna ta tsaya yadda take, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya a mota. Ɗana ya taso ya durƙusa a gabanta cikin rairayi, ta ɗora hannu a kansa.

Ta ce, “Rabona da in ji shi a bakin mutum tun rasuwar yayana.” Sannan ta ce, “Ku kai ni in gan ta.”

Matan gidan suka fito suka tallabe ta suka yi ciki da ita. Ni na samu gefen tabarma na zauna cikin maza, hannuwana duk tabo da baƙin mai a ƙarƙashin farce. Wani dattijo ya miƙo mini dabino yana cewa sannu da hanya, kun isko alheri. Na karɓa ina kuka.